Godiya ga waɗanda suka fara gwada manhajarmu

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Alhamdu lillahi, mun rufe zagayen farko na gwajin manhajar nan da ke rubuta kod, wato umarnin da ake rubuta wa kwamfuta, a harsunan kwamfuta na Python da JavaScript idan ka gaya mata abin da kake so da Hausa ko Faransanci. Kafin mu koma bakin aiki, akwai bashin godiya a kanmu.

Waɗanda suka turo mana "ta yi kyau, Allah ya ƙara basira", mun gode, mun ji daɗi. Amma gaskiya masu ƙorafi sun fi yi mana amfani.

Ƙanenmu da ke rubuta wa masu shaguna tsarin lissafi a Kusiri, garin Kamaru da ke bakin iyakar Chadi, Allah ya saka maka. Kai ka gano cewa kod ɗin da take fitarwa na tantance lambar waya ba ya karɓar komai sai lamba 11 mai farawa da sifili, irin ta Najeriya. Ga shi ta Kamaru lamba 9 ce bayan +237, ta Chadi kuma 8 bayan +235, kuma da yawa cikin masu sayayya a wurinku daga Njamena suke ƙetaro gada. Ba ka tsaya a "ba ta aiki" ba. Ka turo abin da ka rubuta mata, da kod ɗin da ta ba ka, da hoton saƙon kuskuren. A ranar muka gyara.

Haka 'yar'uwarmu ɗalibar Jami'ar Ngaundere da ta lura manhajar na sa XOF, sefar su Nijar, a wurin XAF tamu, tana kuma ƙara wa farashi ɗigo da sifili biyu, kamar akwai mai ba da canjin rabin faran a kasuwar Garwa. Ita ce kuma ta ga sunaye masu ƙ da ɗ suna rikiɗewa alamar tambaya a fayil, don ba a sa UTF-8 ba, wato tsarin da ke sa kwamfuta ta gane irin waɗannan haruffa.

Malamanmu na Marwa da suka ba mu ɗakin kwamfuta, da duk wanda ya ƙona datarsa ga rashin rezo da ɗaukewar wuta, Allah ya biya ku, ya ƙara buɗi.

Saura batun nauyin manhajar a ƙananan wayoyi, muna kansa. Wanda ke son shiga zagaye na biyu ya yi mana magana, musamman 'yan'uwa na Chadi masu aiki da Larabci.