Kwana 28 da kuɗin Baffa a asusuna

Tun da na zo Ingila kusan kullum sai na samu saƙo a WhatsApp, wani ɗan ajinmu ne ko ƙanin wani, tambayar dai ɗaya ce, yaya ka yi ka samu bizar karatu, wa ya yi maka hanya. Toh babu wanda ya yi min hanya wallahi, kuma na gaji da amsawa guntu-guntu shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya kasance a 2024, musamman maganar kuɗi, don nan ne na kusa faɗuwa kuma nan ne nake ganin yaranmu na arewa suke faɗuwa ba don ba su da gaskiya ba.

Samun gurbin karatun bai ba ni wahala ba sosai. Mastas ne na shekara ɗaya a wata jami'a a arewacin Ingila, kuma sun karɓi sakamakon Turancina na WAEC ba sai na zauna jarabawar Turanci ta IELTS ba, jami'o'i da yawa a can suna yin haka ga 'yan Najeriya amma ba duka ba, sai ka tambaya. Bayan na biya kafin alƙalami na kuɗin makaranta suka yi min 'yar intabiyu ta bidiyo, me ya sa wannan kwas ɗin, me ya sa wannan garin, wa zai biya maka, sannan suka turo CAS, wato lambar da ke nuna makaranta ta tsaya maka. In babu ita ba ma ka fara cike fom ɗin biza ba.

Wa zai biya maka. Ni mahaifina ya rasu ina aji biyu a sakandare, Baffa ƙaninsa shi ya riƙe mu, shi ya biya min jami'a, shi ya yi min aure, a wajena uba ne babu wani bambanci. Yana da shago a Kantin Kwari, shadda da atamfa. Da na kawo masa maganar tafiya bai yi dogon zance ba, ya ce a bari a gama cinikin Babbar Sallah. Ni kuma a tunanina shikenan, zan karɓi sitatimen ɗin bankinsa in haɗa da wasiƙa cewa ya ɗauki nauyina.

Ashe dokar bizar Ingila ba ta san Baffa ba. Kuɗin da za ka nuna musu kana da shi sai dai ya kasance a asusunka, ko na mahaifi ko mahaifiya tare da takardar haihuwa da wasiƙar amincewarsu, ko wanda kotu ta ba wa riƙonka a rubuce, ko kuma hukuma ce ta ɗauki nauyinka kamar masu tallafin karatu na PTDF ko Chevening. Kawu, Baffa, Yaya, Gwaggo, duk babu su a lissafi. Abin ya yi min ciwo gaskiya, don mu a gida da yawa daga cikin waɗanda suka yi karatu ba iyayen da suka haife su ne suka biya ba, kuma wa ya taɓa zuwa kotu don ya riƙe ɗan ɗan'uwansa? Ana gama sadakar bakwai ake raba yara a dangi, babu takarda babu sa hannu. Amma ma'aikacin da zai duba fayil ɗinka bai san wannan ba kuma ba zai kira ka ya ji bayani ba, abin da ke kan takarda kawai yake gani.

Saboda haka dole kuɗin ya dawo asusuna, kuma ya zauna kwana 28 a jere ba tare da ya sauka ƙasa da adadin da ake nema ba ko da na yini ɗaya. Adadin kuwa shi ne ragowar kuɗin makaranta da ke rubuce a CAS, sai kuɗin zama, wanda a lokacin fam 1,023 ne a wata ga wanda ba Landan zai zauna ba, sau wata 9, fam 9,207 kenan. Na Landan fam 1,334 ne a wata. Ka tuna kuma wannan bayan an saki naira ne a watan Yunin 2023, fam ɗin da ake samu ƙasa da naira 600 a farashin gwamnati ya zo yana neman dubu 2. Kuɗin zama kaɗai ya doshi miliyan 18, ban da na makaranta.

Duk wanda ya san ɗan kasuwa ya san ba ya ajiye irin wannan kuɗin a banki, kuɗinsa yana cikin kaya ne da bashin da yake bin mutane. In ka ce masa ya ajiye miliyoyi wata guda kada ya taɓa, kamar ka ce ya rufe shago ne. Baffa sai da ya fasa saro kayan da ya saba sarowa bayan Sallah, ya bi wasu bashi, ya sayar da wani fili, sannan aka haɗa. Ƙarshen watan Yuni kuɗin ya shiga, na fara ƙirga kwanaki a bayan wani littafi.

Kuskurena shi ne na saka daidai adadin, da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kai. Ban yi la'akari da cewa su da farashin ranar da ka tura fom suke lissafi ba, a shafin OANDA mai nuna farashin canji suke dubawa, ba farashin ranar da ka zuba kuɗin ba. Muna kwana na 19 na sake buga lissafi da daddare sai na ga naira ta ƙara faɗuwa, abin da ke asusuna ya gaza da wajen fam ɗari da wani abu. Kuma ba wai ka cika gibin ka ci gaba da ƙirga ba ne, a'a, tunda kwanakin baya duk ba su kai ba, sabon lissafi za ka fara daga ɗaya. Daren nan ban runtsa ba, ina ta tunanin da wane baki zan koma wa mutumin da ya riga ya tsayar da kasuwarsa kwana 19 in ce masa a ƙara kuɗi kuma a ƙara wata guda.

A wannan tsakanin ne wani ejan da aka haɗa ni da shi ya ce min in kwantar da hankalina, akwai masu ba da hayar kuɗi, su zuba maka a asusu na wata ɗaya ka biya su wani kaso, in kuma ina sauri akwai wanda zai gyara min sitatimen ɗin ya nuna kwanakin sun cika. Ba zan ɓoye ba, na yi shiru na saurare shi har ƙarshe, saboda lokaci yana ƙurewa. Na farkon dai riba ce ƙarara, ka karɓi kuɗi ka mayar da ƙari. Na biyun kuma in suka tuntuɓi banki suka ga takardar jabu ce, ba hana ka biza kaɗai za su yi ba, haramcin shekara 10 ne, kuma ƙasashe da yawa in ka je nema daga baya sai fom ɗinsu ya tambaye ka ko an taɓa hana ka. Ejan ɗin ba sunansa ne a fasfo ba, naka ne. Ina roƙon duk mai karanta wannan don Allah kada ya yarda, ko da zai rasa zangon ne ya jira na Janairu.

Washegari na je shago na faɗa wa Baffa komai. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya tambaye ni nawa ne zai sa ko naira ta sake faɗuwa ba za mu sake wannan zancen ba. Muka ɗora kusan kashi 10 cikin ɗari a kai. Na daina amfani da asusun gabaɗaya, katin ma na ba Umma ta ajiye.

Sauran abubuwan na yi su ne cikin wannan jiran. Gwajin tarin fuka a asibitin IOM, hukumar kula da ƙaura ta duniya, da ke Abuja, hoton ƙirji ne, takardar tana aiki wata 6, amma a yi shi da wuri don in suka ga wani abu a hoton sai an yi gwajin majina, shi kuma yana iya cin wata biyu. Sai maganar suna, a WAEC Mohammed ne a fasfo Muhammad, na je kotu na yi takardar rantsuwa na ajiye. Ana cikin haka zanga-zangar 1 ga Agusta ta zo aka sa dokar hana fita a Kano, kasuwa a rufe, ni dai ina gida ina ƙirga.

Tsakiyar Agusta kwanakin suka cika. Na karɓi sitatimen mai hatimin banki na tura fom a ranar, don ba a so ya wuce kwana 31 da fitarwa. Kuɗin biza fam 490, sai kuɗin lafiya da suke kira IHS fam 776 a shekara, ni na biya fam 1,164 saboda bizar ta ɗan haura shekara. Wasu daga cikin waɗannan alƙaluman sun tashi daga baya, a 2025 kuɗin biza ya koma fam 524 kuma an ƙara kuɗin zama, don haka kowa ya duba shafin gwamnatinsu da kansa kafin ya zuba ko sisi. Na koma Abuja aka ɗauki hoto da zanen yatsu, aka ce sati uku.

Abu ɗaya da babu yadda na iya da shi, tun Janairun 2024 sun hana masu irin mastas ɗina tafiya da iyali, sai masu digirin bincike ko waɗanda gwamnati ta tura. Matata da 'yarmu suna gidan Umma, yarinyar ta fara tafiya ina kallo ta waya.

Ranar da fasfo ya dawo ban buɗe ambulan ɗin a mota ba, sai da na isa Kwari bayan la'asar. Baffa ya sa tabarau ya daɗe yana kallon shafin da aka manna bizar, ni kuma idona yana kan kantocin bayansa, layi biyu na sama babu kaya ko turmi ɗaya. Ya miƙo min fasfon ya ce in wuce gida in nuna wa mahaifiyata kafin magariba.