Godiya ga waɗanda suka taya mu neman maganin idon Baba

Alhamdu lillahi. Jiya likita ta haska idon Baba, ta daɗe tana dubawa ba ta ce uffan ba, sannan ta ɗago ta ce gyambon ya rufe. Hakiya za ta zauna, 'yar ƙarama daga gefe, amma idon ya tsira, kuma maganar yi wa idon dashe da aka fara yi mana ta wuce. Mako shida ke nan cif. Tun daren jiya na so in rubuta wannan, barci ya sace ni da waya a hannu. Idan zancen ya fito a hargitse ku yi mini uzuri, har yanzu kan bai gama dawowa ba.

Ba sai na maimaita labarin ba. Kun san reshen bishiyar da ya soke shi a ido, kun ga hoton takardar likita da na yi ta watsawa har wasunku suka haddace yadda ake rubuta natamycin 5%, maganin ɗigon idon da aka rubuta masa. Abin da ban faɗa wa kowa ba shi ne daren da kwalbar farko ta zo ƙarewa.

Kwalbar mililita 5 ce, wato ɗigo ɗari ko kusa da haka. Likita ta ce a ɗiga duk bayan awa ɗaya, dare da rana, sau 24 ke nan. A haɗa da wanda ke zuba a kumatu in Baba ya ƙifta, da wanda hannu mai gyangyaɗi ke ɓararwa, kwana huɗu ta tashi. Ban yi wannan lissafin ba sai a rana ta uku. Na ɗaga kwalbar saitin fitila, na ga farin ruwan ya koma can gindi, ko faɗin farce bai kai ba. Baba yana kwance ya rufe fuska da tawul saboda haske na sukarsa, ya ce, "Uwata, saura da yawa ko?" Na ce da yawa. Allah ya yafe mini wannan ƙaryar.

A ranar kaɗai na shiga kantin magani ya fi goma sha biyar. Wasu su juya takardar su ce ba su taɓa jin sunansa ba. Wasu su ce gobe, gobe kuma ba ta zuwa. Waɗanda suka fi ba ni tsoro yanzu da na waiwaya su ne masu cewa "ga wani, kusan ɗaya ne". Kuma na saya. Gajiya ta sa na karɓi wani kwali a wani kanti, na ce ko ba komai ya fi a bar idon haka.

Da kwalin a hannuna na shiga kanti na ƙarshe, mai shi har ya ja ƙofa rabi. Dattijo ne mai tabarau a karan hanci. Ya karanta takardar, ya ce ba shi da shi, ba tare da kwana-kwana ba. Na miƙa masa kwalin na ce ko wannan zai riƙe mu zuwa safe. Ya karanta gefensa, ya ajiye shi can bayansa inda hannuna ba zai kai ba, ya ce, "'Yata, wannan kada ya kusanci idon mahaifinki."

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani kamar ba gida zai tafi ba. Abin da ke cin idon Baba dangin funfuna ne, maganin bakteriya ba ya taɓa shi. Kwalin da na sayo kuwa maganin bakteriya ne haɗe da dexamethasone. Shi dexamethasone ɗin zai kwantar da jan, ya rage zafin, mu ɗauka sauƙi ya samu, alhali ya ɗaure wa garkuwar jiki hannu, cutar tana ta nutsewa ciki har ta huda idon. Likita ta gaya mana haka tun ranar farko, na sani, amma sunan da ke jikin kwalin daban ne, ni kuma ban duba ƙananan rubutun ba. Jikina ya yi sanyi. Da na wuce gida kai tsaye, da hannuna zan ɗiga masa.

Sai ya ciro waya. Ina zaune a kan benci ina jin yana kiran abokan sana'arsa ɗaya bayan ɗaya, wasu ma daga barci ya tashe su. Tsakanin kira da kira yake faɗa mini dalilin wahalar samun maganin: masu buƙatarsa kaɗan ne, mai kanti in ya ajiye sai ya zauna a kanta har wa'adinsa ya ƙare, don haka yawanci ba sa saro shi. Ya ce na ɓata ƙafa ne a inda bai dace ba. Irin wannan a kantunan da ke jikin asibitocin ido ake tambayarsa, ko wurin masu sari, kuma da sunan sinadarin ake nema, don kamfanoni daban-daban na fitar da shi da sunaye daban-daban. Har ya yi 'yar dariya ya ce maganin da aka gano tun 1955 a ƙasar yankin Natal na Afirka ta Kudu, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cikin jerin magungunan dole a 2017, shi ne ake nema kamar allura a ruwa. A kira na tara aka ce akwai kwalba biyu, a wani gari mai tafiyar awa huɗu.

Bai bari na yi murna ba sai da aka turo hoton kwalaben, ya duba ranar ƙarewar wa'adi, da lambar kamfani, da cewa ba a ɓalle murfin ba. Ya ce kada a bar shi a zafin mota, kada kuma a daskarar da shi, a girgiza sosai kafin kowane ɗigo domin maganin kwanciya yake a gindi. Ko sisi bai samu daga gare ni ba a daren. Na san ba ya son a ambace shi, ya ma gargaɗe ni, amma duk wanda ya raka ni kantin daga baya ya san wa nake nufi. Baba mai tabarau, Allah ya haskaka maka duniya da lahira, ya tsare maka ganinka har ƙarshen rayuwa, ya sa 'ya'yanka su sami mai tsaya musu a ranar da suka rasa mafita.

Autanmu da abokinsa su suka kama hanya cikin daren, suka iso gari na wayewa, ɗigo biyu ya rage a tsohuwar kwalba. Auta, na daina ce maka malalaci daga yau. Abokin nasa ko kuɗin mai ya ƙi karɓa, Allah ya biya shi da abin da ya fi.

Likitarmu, wadda na kira ƙarfe ɗaya na dare ina kuka, ba ta yi faɗa ba. Ta ce in maganin bai iso ba mu zo da sassafe, za a haɗa mana na wucin gadi daga voriconazole na allura, wani maganin funfunan. Jin cewa akwai wata ƙofa shi ya riƙe ni. Allah ya ƙara mata sani da haƙuri. Matar Yaya ta raba dare da ni mako biyu, ita daga sha biyu zuwa uku, ni daga uku zuwa safe, da goyo a bayanta. Goggo ta sayar da abin da ba zan faɗa ba, amma na sani, Allah ma ya sani. Da baiwar Allah da ban taɓa gani ba, wadda ta ga hoton a Facebook ta haɗa mu da mai sarin da muka samu sauran kwalaben a wurinsa. Da ku duka da kuka yi ta turawa, kuka shiga kantuna da wayoyinku kuna nuna hoton, kuka yi addu'a. Allah ya saka, Allah ya saka, Allah ya raba ku da neman magani a tsakar dare.

Akwai waɗanda Baba ya yi ta tambaya, duk ƙarar waya sai ya ce su ne? Na riƙa ce masa sabis ne babu kyau. Ba komai, kowa da uzurinsa. Lambar dai ba ta canza ba.

Ba a gama ba tukuna, an rage ɗigon zuwa sau huɗu a rana kuma za mu koma bayan kwana goma. Masu son zuwa dubiya ku zo da yamma, da safe yana rama barcin da muka hana shi. Kwalin nan kuwa yana nan wurin dattijon, ya ce ba zai ba ni ba ko na je karɓa.