Wasiƙa daga Atlanta: malamin da ya koyar da Martin Luther King

Assalamu alaikum 'yan uwa na gida, da fatan kuna lafiya, ya ƙoƙari.

Satin da ya wuce na raka yaron wani abokina Morehouse College, kwalejin baƙar fata ce ta maza zalla a nan Atlanta, tun 1867 take. Muna yawo a harabar sai na ga kabari da mutum-mutumi a tsakiyar makaranta, na ce wa yaron wane ne wannan da aka binne shi inda ɗalibai ke wucewa kullum, ya ce Dakta Benjamin Mays ne da matarsa Sadie. Wallahi kunya ta kama ni, don kowa a gida ya san sunan Martin Luther King amma ni ban taɓa jin sunan malaminsa ba.

Mays an haife shi 1894 a ƙauyen South Carolina, iyayensa cikin bauta aka haife su. Yana ɗan shekara huɗu, a 1898, ya ga turawa da bindigogi a kan dawakai sun tare babansa sun sa shi cire hula yana rusuna musu, abin bai taɓa barin ransa ba. Makarantar yaran baƙaƙe a lokacin 'yan watanni ce a shekara, sauran duk gona, kuma shi baban gonar yake so ya zauna, shi ya sa sai da ya haura shekara 20 ya gama sakandare. Duk da haka ya je Bates College ya gama a 1920, ya yi digirin dakta a jami'ar Chicago a 1935. A 1936 ma ya je Indiya ya zauna da Gandhi suka tattauna.

A 1940 aka ba shi Morehouse, ya riƙe ta shekara 27 har 1967. Ya tarar da kwalejin ba kuɗi, ana bin ɗalibai bashin kuɗin makaranta ba sa biya, shi kuwa ya matsa sai an biya, har suka laƙaba masa Buck Benny, wato kamar a ce Benny na dala. Shugaban da ake wa irin wannan suna dai kun san ba kowa ke son ganinsa ba. Sai yaƙin duniya na biyu ya kwashe samari makaranta ta kusa zama kango, aka fara karɓar yara masu ƙananan shekaru, ta nan King ya shigo a 1944 yana shekara 15.

Abin da ya fi tsaya min shi ne duk safiyar Talata Mays da kansa yake tsayawa a majami'ar makaranta ya yi wa ɗalibai magana, shugaba guda fa, ba wakili ba. Yana gaya musu dokar wariya za ta iya hana su kujera a mota amma kada su yarda ta shiga kansu. King kan bi shi har ofis bayan an tashi su ci gaba da muhawara, wani lokaci ma ba su yarda da juna ba. Na tuna malaman zaure namu na da, wanda almajiri zai bi har gida da tambaya ba a kore shi.

Sun yi alkawari duk wanda ya riga rasuwa ɗayan ne zai yi masa jawabin bankwana, kuma kowa ya ɗauka dattijon ne zai riga. Sai aka harbe King a Memphis a Afrilu 1968 yana shekara 39. Ranar 9 ga wata aka jawo akwatinsa a keken alfadarai daga cocin Ebenezer zuwa Morehouse, Mays mai shekara 73 ya tsaya ya cika alkawari.

Bai huta ba bayan nan, ya shugabanci hukumar ilimi ta Atlanta daga 1970 zuwa 1981, ya rasu a 1984. Yaron da na raka ya ce wasu ɗaliban kan tsaya a kabarin kafin jarrabawa, na ce to kai dai ka yi karatu.

A gaida kowa da kowa.
Ɗan uwanku a Atlanta