Yadda muka auna gudu da cin wutar tarin kwamfutocinmu a Kumasi

Injuna takwas ne a ɗakin binciken da muke aiki a nan Kumasi, an haɗa su suna aiki tamkar kwamfuta ɗaya. Kowanne yana da ƙwaƙwalwa biyu masu ƙwayoyin lissafi 16-16, da RAM gigabait 64. Abu biyu aka nema a wurinmu: gudunsu nawa, kuma wuta nawa suke sha.

Da biro da takarda muka fara. Ƙwayoyi 256, sau gigahaz 2, sau lissafi 16 da ƙwaya mai AVX2 (fasahar yin lissafi da yawa lokaci guda) ke yi a bugu ɗaya, ya ba mu teraflop 8.2, wato lissafi tiriliyan 8.2 a daƙiƙa. Wannan rufi ne kawai, ba injin da ke taɓa shi. Don sanin gudun gaskiya sai muka ɗora HPL, nau'in gwajin Linpack da TOP500, jerin manyan kwamfutoci mafiya gudu a duniya, ke dogaro da shi tun 1993.

HPL wani ƙaton jadawalin lambobi yake warwarewa, kuma girman jadawalin, wato N, shi ne wurin tuntuɓe. Kowace lamba tana cin bait 8, jadawalin kuma N sau N ne. Da muka cika RAM maƙil, injuna suka koma rubutu a faifai, gudu ya mutu murus. Muka sauko ƙasa da kashi 80 cikin 100, muka tsaya a 225,792, lambar da NB ɗinmu na 192, wato girman gutsattsarin da ake yanka jadawalin, ke rabawa ba saura.

Awon wuta ne ya fi ba mu wahala. Da farko mun karanta RAPL, ma'aunin wutar da ke cikin ƙwaƙwalwar injin, sai muka ga adadi mai daɗi. Ashe ƙwaƙwalwa da RAM kaɗai yake ƙirgawa, bai san da fankoki ba, balle asarar da ke cikin akwatin wutar injin. Muka kawo mita, muka kuma yi kuskuren sa ta gaban UPS, akwatin baturan da ke riƙe injuna idan an ɗauke wuta. Ranar an yi dumso, wato an ɗauke wuta, da safe, batura suna cikin sha, duk abin da suka zuƙa ya hau kan injunanmu. Wurin mita tsakanin UPS da injuna ne. Kuma ta zama mai karanta wat kai tsaye, domin ninka bolt 230 da amfiya yakan ba da fiye da abin da aka ci.

Wani abin kuma, cin wuta yana sauka yayin da HPL ke dab da ƙarewa, saboda jadawalin yana ƙanƙancewa. Wanda ya leƙa mita sau ɗaya ya rubuta, ya yaudari kansa. Mu kowace daƙiƙa muke ɗauka, daga farkon lissafi har ƙarshe, sannan mu fitar da matsakaici.

Gwajin da muka yi cikin hunturu ya faɗi ƙasa ba dalili. Da muka bincika, ƙura ce ta toshe matatar iskar inji na shida, ya yi zafi, ya rage gudunsa da kansa. A HPL kuwa kowa jiran mai nawa yake yi.

Bayan mun kakkaɓe shi, an gama cikin minti 23, sakamako ya nuna PASSED: teraflop 5.6 a kan kilowat 3.4, kusan gigaflop 1.6 ke nan a kowane wat. Babbar kwamfutar Frontier ta Amurka ta haura gigaflop 50 a kowane wat a 2022, amma ita da GPU, wato katunan lissafi na musamman, take aiki. Wutar na'urar sanyaya ɗaki ba ta cikin lissafinmu, mun rubuta haka a saman rahoton.