Suna a rajista ba ya tare katafila: abin da aikin adana tarihi a Houston ya koyar

Kuskure mafi tsada a aikin adana tsofaffin gine-gine a birnin Houston na Amurka shi ne ɗaukar cewa da zarar wuri ya shiga Rajistar Wuraren Tarihi ta Ƙasa, magana ta ƙare. Ana shafe watanni ana tono takardun filaye, ana ɗaukar hotuna, ana cika fom, a miƙa wa hukumar tarihi ta jihar Texas, ita kuma ta tura Washington. Amsa ta zo, a kafa allon tagulla, kowa ya kama gabansa. Alhali dokar 1966 da ta kafa rajistar ba ta hana mai gida rushe kayansa da kuɗin aljihunsa ba. Abin da sashe na 106 na dokar ya tanada shi ne, idan aiki na da kuɗi ko izinin gwamnatin tarayya, sai an auna illarsa an tuntuɓi jama'a. Bayan tuntuɓar ma ana iya rushewa.

Unguwar Freedmen's Town ita ce shaida. 'Yantattun bayi ne suka kafa ta bayan 1865, suka gina gidajen katako da majami'u irin su Antioch, wadda aka kafa a 1866, daga baya aka shimfiɗa jan bulo a titunan Andrews da Wilson. Babbar hanyar mota ta riga ta yanke wani ɓangare nata kafin ta shiga rajista a 1985. Bayan shigar ma ba ta canja zani ba: gidajen suka riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya, benaye na tsirowa a gurbinsu, domin filin na dab da tsakiyar birni, birnin kuwa ya haura mutum miliyan 2 da dubu 300 a ƙidayar 2020. A lokacin mafi yawan mazauna 'yan haya ne, masu filayen suna can wani wuri suna jiran tayi. Da ƙarfin da aka ƙarar wajen neman allon tagulla an zuba shi wajen sayen ko da 'yan filaye ne, da yau ba wannan zancen ake yi ba.

Kariya ta gaskiya a dokar birni take, ita ma sai an karanta ta da idon basira. Houston ba ta da dokar kasa unguwanni bisa amfaninsu. Sau uku masu zaɓe suna ƙin ta, na ƙarshe a 1993. Dokar adana tarihi ta 1995 kuwa ta zo da ƙofar baya: idan kwamitin tarihi na birnin ya hana rushewa, mai gida ya jira kwana 90 ya kira katafila. Sai a 2010 aka toshe wannan ƙofa ga unguwannin da birnin da kansa ya ayyana. Saboda haka tambayar farko a kan kowane gini ita ce, a wane kundi yake, na tarayya ko na birni? Manya a ofis sun fi son na tarayya, don shi ne ke fitowa a jarida.

Ba dillalan filaye kaɗai ke ɓarna ba. A 2016 'yan kwangilar magudanar ruwa sun tone wani sashe na bulon titunan Freedmen's Town. Takarda a ofis ba ta isa ga direban katafila. Sai an killace wurin, an sa mai lura tun kafin a tayar da inji. Idan dole ne a ɗaga bulo, da hannu ake yi, a ɗauki hoton shimfiɗar, a sa wa kowane layi lamba.

Sauran darussan gajeru ne. Kada a cike tsagin tsohon bulo da siminti: ya fi bulon tauri, yana tsare danshi a ciki, fuskar bulon ta riƙa ɓarewa, kwaɓin farar ƙasa da yashi ake so. Kada a wanke bango da feshin yashi, yana cinye fatar da wuta ta gasa. A fara da rufi da indararo kafin fenti, domin a danshin Houston yoyo ne ke gayyato gara, mai gidan da ke son rushewa kuma ya san haka, sai ya zuba ido. Rangwamen harajin tarayya na kashi 20 cikin 100 na kuɗin gyara ga gini mai kawo kuɗi ne kawai, gidan zaman mai shi ba ya ciki.

Filin wasa na Astrodome da ke Houston, wanda aka buɗe a 1965, ya samu kariyar jiha a 2017, ba a rushe shi sai da izinin hukumar tarihi. Sai dai tun 2013 masu zaɓe suka ƙi amincewa da bashin dala miliyan 217 na gyaransa, aka bar shi a kulle.