Man kanumfari da tsutsar sauro: aikin yana wajen haɗi

Ɗiga man itacen turare a kwatami, sai ya yi ido-ido a saman ruwa, rana ta kwashe shi kafin la'asar. Man kanumfari kuwa ya fi ruwa nauyi, ƙasa yake nutsewa ya kwanta a laka. Tsutsar sauro da ake son man ya kashe tana can tana wutsil-wutsil abinta. Dalilin ke nan da ake farfasa man ya koma ƙwayoyi masu girman nanomita 20 zuwa 200 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita), waɗanda ke bin ruwa ko'ina har su ratsa jikin tsutsar.

Haɗin da aka saba da shi a ɗakin gwaji: mai giram 5, Tween 80 (sinadarin da ke sa mai ya gauraya da ruwa) giram 5, tataccen ruwa giram 90. Mai da Tween ake fara juyawa, kamar minti 30, sannan a riƙa sakin ruwa ɗigo-ɗigo ana ci gaba da juyi. A nan masu gaggawa ke faɗuwa. In aka tuttula ruwan gaba ɗaya, abin zai fito fari fat kamar nono, alamar ƙwayoyin sun yi girma, bayan kwana biyu ka ga mai ya ware. Haɗin kirki garau yake, da ɗan shuɗi-shuɗi in an ɗaga kwalbar ga haske. Ruwan burtsatse mai gishiri-gishiri ma yana iya ɓata shi.

Gwaji kuma sai a bi ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2005: tsutsa 25 masu matakin girma na uku ko farkon na huɗu a kowane kofi, a ƙirga matattu bayan awa 24. Mililita 0.1 na wannan haɗin cikin ruwa mililita 100 ya ba da mai kashi 50 cikin miliyan na ruwan. A bar kofunan da ba a sa wa komai ba. In mutuwa a cikinsu ta haura kashi 20 cikin ɗari, gwajin ya tashi, a sake. Ni da zan ƙara kofi mai Tween zalla, don kada a yaba wa kanumfari aikin da ba nasa ba.

Sai dai kofi daban, kududdufin Gombe daban. Zafin Afrilu yana sa ƙananan ƙwayoyi su narke cikin manya, don haka kwalba mai duhu, a inuwa. Man yana saurin gushewa, sauro kuma kan kammala daga ƙwai zuwa mai fiffike cikin kwana 7 zuwa 10, wato zubi duk mako. Randar sha da magudanan noman rani na Dadin Kowa, inda kifi yake, kada a kusance su da shi: sinadarin kanumfari sumar da kifi yake yi.