Agogon da ya rantse yana kan daidai

Lokacin da na fara aikin kula da ƙarafan sabis, babu abin da na raina kamar maganar agogo. A ganina, in dai akwai wuta kuma eriya na kallon inda ya kamata, lokaci zai ji da kansa. Wanda ya koya mini aiki, wani dattijon injiniya da ba ya son yawan magana, ya taɓa miƙo mini rula mai santimita 30 ya ce, "Riƙe nan, nanosakan ɗaya ke nan a hannunka." Nufinsa, iya tafiyar da siginar rediyo ke yi ke nan a kashi ɗaya cikin biliyan na sakan. A maikirosakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin miliyan, ta ci mita 300. Na yi murmushi na ajiye rular.

Shi ne ya fara nuna mini yadda tsohon tsarin GSM ke fama da nisa. Wayoyi takwas ne ke karɓa-karɓa a kan zangon rediyo guda, kowacce da gurbinta na maikirosakan 577. Wayar da ke nesa, in ta jira lokacinta ya yi kafin ta yi magana, saƙonta zai iso a makare ya faɗa gurbin wata. Don haka ƙarfen ke umartar ta da ta yi sammako gwargwadon nisanta. Matakan umarnin daga 0 ne zuwa 63, kowane mataki kusan mita 550, shi ya sa iyakar ƙarfen GSM na yau da kullum ta tsaya a kilomita 35. Lissafin ya burge ni, amma a matsayin abin karatu kawai na ɗauke shi.

Sai da muka zo kan tsarin TDD, wanda yawancin 5G da wani ɓangare na 4G ke amfani da shi, na gane ruwa ba sa'an kwando ba ne. A nan zango ɗaya ne ake aikawa da karɓa a kansa: duk ƙarafan yankin su yi magana tare, su yi shiru tare su saurari wayoyi. Ƙa'ida ita ce kada agogon kowanne ya kauce wa lokacin da aka yarda da shi da fiye da maikirosakan 1.5. Wanda ya kauce zai iya ɗaga murya daidai lokacin da maƙwabcinsa ke kasa kunne ga raɗar wata waya.

Wata rana ƙorafi ya yi yawa a kan wani ƙarfe da na kusa da shi. Na duba allo, komai kore shar, agogo ya ce yana manne da babban agogon da ke ba shi lokaci. Kwana uku ina zargin eriya, na sa aka hau aka sauka har sau biyu. A na huɗu dattijon ya tambaye ni, "An taɓa faiba a layin nan?" Na ce, "Eh Oga, an yanke ta an gyara, amma ai tana aiki." Bai ce komai ba, ya ɗauko na'urar gwajin agogo mai karɓar lokaci daga taurarin GPS muka tafi. Agogon ƙarfen ya kauce da kusan maikirosakan biyu.

Ga abin da ya faru. Tsarin PTP, wato IEEE 1588, wanda ƙarfen ke karɓar lokaci da shi ta faiba, yana saita agogo ne ta hanyar aika saƙo da amsa, ya auna tsawon zuwa da dawowa, ya raba biyu. Wato ya ɗauka hanyar zuwa da ta dawowa tsayinsu ɗaya. NTP, tsarin saita agogon kwamfutoci da David Mills ya ƙirƙiro a shekarun 1980, shi ma a kan wannan zaton yake. Layin sili biyu ne, na zuwa da na dawowa, masu gyara kuwa sun ɗora ɗaya a kan wata hanya da ta fi tsawo da kamar mita 700. Haske a cikin faiba yana cin kusan maikirosakan 5 a kowace kilomita, bambancin ya zama 3.5, rabinsa kuma ya shige cikin agogo a matsayin kuskure. Na'urar agogon ƙarfen ba ta da idon ganin wannan. Koren fitilar da na dogara da ita cewa kawai take yi lissafinta ya rufe.

Bayan nan sai na koma ɗaya gefen, na riƙa ganin GPS kamar ba ya kuskure. Dattijon ya tuna mini Janairun 2016, lokacin da aka yi wa wani tsohon tauraron GPS ritaya, wasu taurarin suka riƙa watsa lokacin da ya kauce da maikirosakan 13 na tsawon sa'o'i, na'urorin sadarwa a ƙasashe da dama suka yi ta kuka. Ko kebul ɗin da ke sauko da sigina daga eriyar GPS yana cin nanosakan 4 zuwa 5 a kowace mita, kuma in ba ka shigar da tsawonsa a saiti ba, babu wanda zai tuna maka.

Yanzu duk sanda aka ce an gyara faiba, ba na rufe takardar aiki sai na ji tsawon kowane sili dabam, sannan na je da na'urar gwaji na auna da kaina. Abokan aiki na cewa na cika naci. Rular tana cikin jakar kayan aikina, kuma makon jiya na miƙa wa wani sabon yaro da aka haɗa ni da shi. Shi ma murmushi ya yi ya ajiye.